Ciniki Biyu a Kan Gida Ɗaya

Mahaifinmu ya rasu a ƙarshen 2021, ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, maza huɗu da mata biyar, ya kuma bar gida guda a Hotoro cikin Kano, mai shaguna biyu a gaba da wani sashe a baya wanda 'yan haya suke ciki. Gida ɗaya ba ya yankuwa ga mutum 11, don haka bayan an shekara ana kewaye-kewaye sai aka tsayar da shawarar a sayar a raba kuɗin, kuma da yake ni ne babba a cikin maza, ni aka ɗora wa ɗawainiyar. Sau biyu muka yi cinikin gidan nan. Na farko ya ci mana wata biyar ya kuma rushe, na biyu aka gama shi cikin kwana 23, alhali gidan bai canja ba, unguwar ma ba ta canja ba.

A watan Mayu na 2023 na fara, kuma na fara ne ta inda kusan kowa yake farawa, wato kiran dillali. Har uku na kira, bisa tunanin cewa yawan masu talla shi ne saurin ciniki. Kafin mako biyu, ukun nan sun zama kusan goma, domin kowane dillali yana da yaransa, yaran ma suna da nasu abokan neman, kowa kuma yana ɗora abin da yake fatan samu a kan farashin. Wani abokin aikina ya tare ni a masallaci yana tambaya ko gaskiya ne muna neman naira miliyan 50, ni kuwa miliyan 40 na faɗa. Daga baya na ji labarin wani mai saye da aka kai shi gidan sau uku ta hannun mutum uku, kowanne da farashinsa, mutumin ya ce gidan da ke da baki uku ba zai rasa rigima ba, ya yi tafiyarsa.

Duk da haka, a watan Yuli aka samu mai saye na gaske, wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari. Ya taya miliyan 35, na yi albarka, aka yi ta ja har muka tsaya a miliyan 38, na sallama, ya ba da kafin alƙalami na miliyan 2 a gaban shaidu. A daren na kira 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya ina yi musu albishir cewa nan da mako biyu kowa zai ji kuɗinsa. Kwana uku bayan haka lauyan mai sayen ya aiko a kawo masa takardu.

Na buɗe akwatin ƙarfen da Baba yake ajiye muhimman abubuwansa. Takardar shaidar mallaka tana nan lafiya lau, a naɗe cikin leda, da hatiminta da taswirar filin a jiki. Sai dai sunan da ke kanta ba na Baba ba ne, na mutumin da ya sayar masa da gidan ne a 1991. Abin da ke nuna cewa gidan na Baba ne kawai wata takarda ce daga littafin rubutu na 'yan makaranta, an rubuta cinikin da biro shuɗi, mai unguwa da shaidu biyu sun sa hannu, ɗayansu ma dangwale ya yi. Shekara 30 muna kwana muna tashi a gidan, babu wanda ya taɓa ɗaga mana yatsa, saboda haka ban ga wani abin damuwa ba, na kwashe su na kai.

Lauyan ya duba ya mayar mini, ya ce shi ba zai bar wanda yake wakilta ya zuba sauran kuɗinsa a kan wannan ba. Na fito ina ganin tsaurin ido ne irin na lauyoyi, sai da na je wurin wata lauya da wata ƙanwata ta haɗa ni da ita sannan na gane inda gizo yake saƙa. Ta bayyana mini cewa tun da aka kafa Dokar Amfani da Filaye a 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake riƙe da shi haƙƙin zama ne na wasu shekaru, yawanci 99 ga gidan zama. Sashe na 22 na dokar ya hana a sayar da wannan haƙƙi ko a jinginar da shi ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi ba a bi wannan hanya ba ba shi da inganci. Ta ba ni misalin shari'ar Savannah Bank da Ajilo, inda Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida a 1989 saboda rashin wannan amincewa. Na ce mata, "Barista, to ai rabin gidajen Kano a kan takardar mai unguwa suke." Ta ce, "Haka ne, Malam, kuma suna zaune lafiya har ranar da za a sayar wa wanda ya zo da lauya ko wanda zai ci bashin banki."

Wannan ita ce matsala ta farko, kuma da muka fara tono sai sauran suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ba mu je kotu an tabbatar da magada ba, mun dai zauna a tsakar gida da wani malami ya lissafa mana kason kowa da baki. Ƙaramin ƙaninmu yana da shekara 14 a lokacin, maraya ne a idon shari'a, ba a sayar da kasonsa na gida sai da izinin alƙali. Harajin ƙasa na shekara-shekara an daɗe ba a biya ba. Mai ɗinkin da ke ɗaya daga cikin shagunan ya biya hayar shekara biyu gaba ɗaya ga wani ƙanina, ni ban sani ba. Sannan ƙanwarmu da ke aure a Maraɗi, wadda muka ɗauka tafiyar wuni guda ce za ta kawo ta, sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, mijinta kuma ya ce ba zai bar ta ta bi hanyar daji da goyo ba, kuma gaskiyarsa.

Ɗan kasuwar nan ya yi haƙuri fiye da yadda zan yi da ni ne a matsayinsa. Duk Juma'a sai ya kira, ni kuma in ce masa saura ƙiris. A watan Oktoba ya zo da kansa, ya zauna a zauren Baba, ya ce, "Malam, ban ga laifinka ba, amma kuɗin kasuwa ba ya son kwanciya. Abin da miliyan 36 za ta sauke mini na atamfa a watan Yuli, yau ba za ta sauke ba." Ya nemi kafin alƙalaminsa. Nan ne na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, domin an riga an taɓa kuɗin: an biya kuɗin makarantar yara biyu, an kuma yi wa Hajiya magani. Sai da na sayar da babur ɗina na ranto sauran kafin na cika masa. Tun daga ranar na ɗauki kafin alƙalami a matsayin ajiyar wani, ba kuɗina ba, har sai an sa hannu a takarda ta ƙarshe.

A farkon Nuwamba muka yi taron iyali, Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya jagoranta. Shawarar da na kawo ba ta yi wa wasu daɗi ba: a janye gidan daga kasuwa gaba ɗaya, a sallami dillalai, kada a sake nuna wa kowa shi sai ranar da duk abin da mai saye zai tambaya yana cikin jaka guda. Wani ƙanina ya ce wannan ƙara ɓata lokaci ne, a samu wanda ba ruwansa da lauya a rage masa farashi kawai. Baffa ya tambaye shi nawa zai yarda a rage daga kasonsa shi kaɗai, sai ya yi shiru.

Barista ta zana mana ayyukan a takarda, kuma hikimar da na ɗauka daga gare ta ita ce a fara su duka rana ɗaya, domin kowanne yana da tsawon lokacinsa wanda ba ya jiran ɗan'uwansa. A karon farko ni ina gama ɗaya ne sannan in gano na gaba. Wanda ya fi kowanne tsawo shi ne na 'yan haya, saboda mai hayar shekara yana da haƙƙin a ba shi sanarwar wata shida idan yarjejeniyarsu ba ta faɗi wani abu daban ba. A makon nan aka rubuta sanarwar aka miƙa wa kowa hannu da hannu, ya sa hannu a kwafi. Magidancin da ke sashen baya na je na same shi da kaina kafin takardar ta isa, domin mutumin da ya yi shekara takwas yana gaida mahaifinka bai kamata ya fara jin labari daga bakin masinja ba. Mai ɗinki kuwa muka ba shi zaɓi, ko a mayar masa da kuɗin watannin da suka rage, ko a rubuta hayarsa a cikin yarjejeniyar ciniki sabon mai gida ya gaje ta. Ya zaɓi kuɗinsa.

Aikin da ya fi ba ni wahala shi ne neman iyalan wanda ya sayar wa Baba gidan, domin shi kansa ya daɗe da rasuwa. Mai unguwar da ya sa hannu a 1991 ma ya rasu, ɗansa ne a kan kujerar, sai dai Allah ya sa ɗaya daga cikin shaidun yana raye, tsoho ne mai sayar da goro wanda idonsa ya yi rauni amma ƙwaƙwalwarsa garau. Shi ya tuna cewa iyalan sun koma Zariya. Sau uku ina zuwa Zariya. A zuwan farko babban ɗan mamacin ya karɓe ni a tsaye, ya ɗauka wata rigima na kawo. A na biyu na ɗauki tsohon nan a mota, muka tafi da takardar biron, mutumin ya ɗaga ta ya daɗe yana kallon sa hannun mahaifinsa, sannan ya ce, "Wannan rubutun Alhaji ne, ko a duhu na san shi." A na uku shi da 'yan'uwansa suka sa hannu a takardar da Barista ta shirya, suna tabbatar da cewa mahaifinsu ya sayar kuma ya karɓi kuɗinsa cif. Ko sisi ba su nema ba. Na sha jin labarin waɗanda a irin wannan gaɓa suke cewa sai an ba su wani abu, har ma da masu cewa ba su san da cinikin ba, saboda haka ban ɗauki abin da suka yi mana da wasa ba. Da Baba ya kammala wannan aiki a 1991, lokacin da mai sayarwar yake raye kuma suna shiri, da bai wuce zirga-zirgar 'yan makonni ba.

Da wannan takarda muka shigar da buƙatar neman amincewa a ofishin filaye. Kafin nan Barista ta sa an yi binciken fayil ɗin gidan, aikin da yawanci mai saye ne yake yi, amma ta ce gara mai sayarwa ya riga shi sanin abin da ke ciki. An duba ko akwai jingina ta banki, ko wani ya shigar da ƙorafi, ko gwamnati ta taɓa soke takardar, aka tarar babu ko ɗaya. Aka lissafa mana bashin harajin ƙasa muka biya ta banki muka adana rasit. Sau ɗaya aka dawo mana da takardunmu, kuma laifin namu ne: a takardar ciniki an rubuta sunan Baba haɗe da na mahaifinsa, a takardar shaidar rasuwa kuwa an haɗa shi da sunan garinsu, kamar yadda ya yi amfani da shi a wurin aiki. Mu a wurinmu mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da bai taɓa ganinsa ba mutum biyu yake gani a gabansa. Takardar rantsuwa a kotu ta warware wannan cikin kwana biyu, sai dai ta mayar da mu baya da kusan mako uku a layi. Na koyi zuwa ofishin duk ranar Talata da safe, da lambar fayil a rubuce a bayan katin aikina, ina tambayar teburin da takardar take da wanda za ta je gaba. A watan Maris aka kammala.

A kotun shari'ar Musulunci abin bai ja lokaci ba da yake babu mai jayayya. An kawo shaidu biyu da suka san iyalan, aka tabbatar da magada, aka rubuta cewa matan biyu za su raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, a tsakaninsu, sauran kuma a kasa shi 13, namiji ya ɗauki biyu mace ta ɗauki ɗaya. Alƙali ya tambayi dalilin sayar da kason yaron, aka bayyana masa cewa gidan ba ya rabuwa, ya ba da izini bisa sharaɗin a ajiye kuɗin a asusu da sunan yaron ƙarƙashin kulawar Baffa. A nan ne kuma wata magana da ta daɗe tana yawo a ƙasa ta fito fili. Ɗaya daga cikin ƙannena yana da burin ya sayi kason sauran ya riƙe gidan, shi ya sa duk lokacin da aka zo sa hannu sai ya sami uzuri. Burinsa ba laifi ba ne, a fiƙihun Malikiyya ma abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato shi ya fi bare cancantar ya saya. Abin da ya cutar da mu shi ne rashin faɗa. Aka ba shi wata biyu ya kawo kuɗi a kan ƙimar da masu kiyasi suka yi, wa'adin ya cika bai samu ba, ya rubuta da hannunsa cewa ya janye. Da an yi masa wannan tambaya tun watan Mayu, da an huta da gunaguni mai yawa.

Ita kuwa ta Maraɗi ta yi wakala a gaban hukuma a can ta naɗa ni wakilinta, takardar ta iso ta hannun wani direba, da Faransanci, muka kai aka fassara aka kuma rantse a kan fassarar. Bayan duk wannan wahala sai aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024, ta zo hutun ƙaramar Salla ta sa hannu da kanta, tana yi mini dariya tana cewa, "Yaya, ka ajiye wakalar ko za ta yi amfani a wani gadon."

Gyaran gidan kansa bai ɗauke mu mako biyu ba. An toshe yoyon rufi, an kwashe shadda, an shafa farar ƙasa a zaure, an biya bashin wuta da na ruwa. Safiyo ya zo ya nemo duwatsun iyaka, ya tarar rumfar shago ɗaya ta shiga hanya da kusan taku uku, muka cire ta da kanmu. Ban yarda a sa tayil ko a canja ƙofofi ba, domin mai saye zai fasa ya yi nasa.

Bayan Salla da mako guda muka mayar da gidan kasuwa. Dillali ɗaya na ɗauka a wannan karon, muka rubuta farashi, da la'adarsa ta kashi 5 cikin 100, da wa'adin kwana 30 wanda in ya wuce zan nemi wani. Na haɗa kwafin komai a jaka guda: shaidar mallaka, amincewar da aka samu, takardar kotu, izinin alƙali, rasit na haraji, taswirar safiyo, sanarwar 'yan haya da sa hannunsu, da takardar da magada duka suka amince in yi magana da yawunsu. Asalin takardun suna wurin Barista, mai son gani ya je can. Mutum na huɗu da ya duba gidan wata likita ce da mijinta. Lauyansu ya karɓi jakar ranar Litinin, ya yi nasa binciken, ya kira ranar Alhamis ta mako na gaba ya ce bai ga abin tambaya ba. An tsaya a miliyan 45.

Saura biyan kuɗi, wanda shi ma yana iya cin mako guda in ba a shirya masa ba. Mijin likitar ya so ya kawo wani kaso a jaka, Barista ta hana, ta ce dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ba ta yarda mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba sai ta hanyar banki. Muka sa rana, kowa ya sanar da bankinsa tun da wuri, aka haɗu a ofishin Barista, kuɗi ya shiga, na ga saƙo a wayata, sannan aka sa hannu aka miƙa asalin takardu da makullai. A wajen rabo ne muka yi tuntuɓe na ƙarshe: asusun Umma, abokiyar zaman mahaifiyata, ƙaramin asusu ne wanda ba ya riƙe fiye da naira 300,000, sai da aka kai ta banki da katin shaidar ɗan ƙasa aka ɗaga shi, kwana huɗu kasonta yana hannuna ina kwana da fargaba.

Bayan an cire la'ada da kuɗin da aka kashe a takardu, miliyan 41.6 ta rage. Matan biyu suka raba miliyan 5.2, kowace 'ya mace ta samu miliyan 2.8, kowane namiji miliyan 5.6. Wasu a cikin dangi suna cewa jinkirin alheri ne tunda an samu ƙarin miliyan 7 a kan farashin farko, ni kuwa ban yarda da wannan lissafi ba. Tsakanin Yulin 2023 da Mayun 2024 an ga abin da cire tallafin mai da faɗuwar naira suka yi wa kasuwa, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, buhun siminti da na yi tambaya a kan kusan naira 5,000 sai da ya haura 10,000 a watan Fabrairu, kuma ko da ya sauko bai koma inda yake ba. Da kasona na cinikin farko na yi niyyar kai ginin filina har rufi. Da na cinikin biyu, wanda ya fi shi yawa a lissafi, a linta na tsaya.

Filin nan nawa ma a kan takardar mai unguwa na saye shi a 2016. Mako biyu bayan rabon na nemi wanda ya sayar mini, na tarar yana nan da ransa a Na'ibawa, na ɗauke shi a mota muka tafi ofishin Barista.